Yadda nake wasa wuƙar Mora, in kare ta daga tsatsar Legas

Wuƙata Morakniv ce, ƙirar garin Mora na ƙasar Suwidin. Ba ta naɗewa, tsawon ruwanta kusan santimita 10. Da ita nake fiɗar ragon layya a gidanmu na Agege.

Wasa ta ba wuya, don gefen kaifinta faffaɗa ne. Jiƙa dutsen wasawa, ka kwantar da wannan gefen a kai gaba ɗaya, kada ka ɗaga bayan wuƙar ko kaɗan. Tura gaba kamar za ka fere dutsen. In ka shafa ɗaya gefen da babban yatsa ka ji ɗan kaushi ya taso, juya. Ƙarasa a bayan tsohon bel na fata. Don Allah kada ka kai ta injin wasa, zai cinye gefen nan.

Tsatsa ce damuwata, don tawa ta ƙarfen kabon ce, irin ƙarfen da ke saurin yin tsatsa. Wata damina na mayar da ita kube da ɗan jini a jiki, kwana biyu kacal ta yi jajir, raina ya ɓaci ƙwarai. Danshin garin nan ba ya ragawa ƙarfe. Yanzu wankewa nake, in goge ta bushe ƙarau, in shafa man kwakwa kaɗan. Kuben roban ma sai ya bushe kafin ta shiga.