Kurakuran da ke hana tsoka girma duk da ɗaga ƙarfe

Abin da ke sa tsoka girma shi ne jan da take ji. Idan zarenta ya ɗaure a ƙarƙashin nauyi, saƙo kan ratsa cikin ƙwayar halittar har ya kunna wani rukunin sinadarai da ake kira mTORC1, shi kuma ya sa ƙwayar ta ƙara ƙera furotin. Wannan ƙirar kan ci gaba awa 24 zuwa 48 bayan an ajiye ƙarfen.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiyewa da wuri. Mutum ya ɗauki nauyin da zai iya ɗagawa sau 25, ya ƙirga 10, ya share gumi ya zauna. Da irin wannan nauyin, manyan zaruruwan tsoka ba sa shiga aiki sai ƙananan sun gaji, ke nan saƙon bai ma iso gare su ba. Ka ci gaba har sai saura ɗagawa 1 zuwa 3 ka gaza. Ko kashi 30 cikin ɗari na iyakar ƙarfinka ka ɗora, ko kashi 80, girman kusan ɗaya ne muddin ka kai nan. In kuma wata ya wuce kana kan nauyi ɗaya da ƙirge ɗaya, jiki ya saba. Ƙara kilo 1 ko 2, ko ɗagawa ɗaya.

Wasu kuma tsamin jiki suke nema, wai shi ne shaida. Tsami alamar rauni ce a zaren, kuma furotin ɗin farko gyara yake tafiya kafin gini. Zagaye (wato jerin ɗagawa a jere kafin a huta) 10 zuwa 20 a mako ga kowace tsoka, a raba kwana biyu, ya wadatar. Shiga ruwan ƙanƙara nan take bayan atisaye yana dusashe saƙon, haka ma shan ibuprofen mai yawa kullum don kashe tsamin.

Sai kayan gini. Magini ya iso, ba bulo. A yini ana so giram 1.6 na furotin ga kowane kilon jiki: mai kilo 70 yana bukatar wajen giram 112. Kada a tara shi duka a tuwon dare. A raba shi sau uku ko huɗu, giram 25 zuwa 40 a kowane ci. Furotin ɗin ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka a haɗa da kifi, nono, wake ko awara.