Ga masu son sa wa bindigar gado mariƙin hauren giwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Wani dattijo a nan Agege ya nuna min tsohuwar ƙaramar bindigar kakansa, mai lasisi, yana son a yi mata sabon mariƙi da haure. Na ce Alhaji, don Allah a bari. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, a Janairun 2024 kuma gwamnati ta niƙe kusan tan biyu da rabi a Abuja. Duk sabon hauren da aka miƙa maka a ɓoye, giwa aka kashe.

Maimakon haure, ƙahon shanu yana wadatarwa. Ga shi nan jibge a mayankar Oko-Oba, in aka goge shi sai ƙyalli.

Wanda kuma ya gaji tsohon mariƙi na haure, ya kiyaye shi daga rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Haure yana shan danshin Legas ya kumbura, in iska ta bushe farat ɗaya sai ya tsage. Kada a wanke da ruwa ko sabulu, ƙyalle mai laushi ya isa. Rawayar nan da yake yi ta shekaru ce, kar a kankare ta.