Yadda ake auna ɗan bezbol na jami'a mai jifa da bugu idan an ɗauke shi majefi

Kowace shekara a watan Yuli ƙungiyoyi 30 na babbar gasar bezbol ta Amurka, wato MLB, suna zaɓen sababbin ƴan wasa, kuma tun 2021 zagaye 20 ake yi. A cikin yaran da ake kira akwai irin wanda ya fi tayar mana da gardama a fadarmu ta Garin Malam: ɗan jami'ar da yake jifa kuma yake bugu, sai ƙungiya ta ce ya ajiye sanda, hannunsa kaɗai take so. Mu masu bin wasan nan a Damagaram ba mu da yawa, kuma binsa sai da haƙuri, don wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka, a nan sha biyun dare ne. Wasannin jami'o'i kuwa ba a cika samunsu ba. Abin da ke hannunmu alƙaluma ne da gajerun bidiyo a salula, kuma da su nake yin nawa awon.

Ka fara da ƙidaya zangon da ya jefa a duk zamansa na jami'a, kafin ka kalli komai. Wasa ɗaya zango 9 ne, kuma a kowane zango majefi yana jifa ne har sai an fitar da mutum uku na ƙungiyar da ke bugu. Majefin da ke buɗe wasa a jami'a sau ɗaya yake fitowa a mako, Juma'a ko Asabar ko Lahadi, kuma idan gwani ne yakan kusan zango 100 a shekara ko ya wuce. Mai aiki biyu sau da yawa rufe wasa yake yi: ya yi tsaro zango takwas, a na tara a miƙa masa ƙwallo. Spencer Schwellenbach haka ya yi a jami'ar Nebraska a 2021. Shi ne mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku (tashoshin da mai bugu ke zagayawa a guje don cin maki), jifan da ya yi duk shekarar bai kai zango 40 ba, amma Atlanta Braves ta ɗauke shi a zagaye na biyu a matsayin majefi. Ƙarancin zango yana faɗa maka abu biyu da ke karo da juna. Hannun bai ci wuya ba, wannan alheri ne. Amma kuma ba wanda ya san yadda jifansa zai zama idan masu bugu sun gan shi karo na uku a wasa ɗaya, lokacin da gudu ya fara raguwa kuma sun gane sirrinsa.

Daga nan ka duba inda yake tsayawa idan ba jifa yake ba. Wannan ƴan fada sukan tsallake shi, alhali a wurina ya fi yawan bugunsa muhimmanci. Mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku kullum cikin jifa yake, daga durƙushe, daga gudu, daga karkace, kuma dole ƙwallo ya isa ƙirjin abokinsa. Irin wannan yaro jikinsa ya san kansa, gyara ba ya yi masa wuya. Jacob deGrom a wannan gurbin ya yi shekarunsa biyu na farko a jami'ar Stetson, sai a 2010 ya kama jifa sosai. New York Mets ta same shi a zagaye na tara, araha ke nan, ya zo ya ci kambun gwanin majefa na Cy Young a 2018 da 2019. Wanda yake tsaye a tasha ta ɗaya kuwa, ko wanda bugu kawai yake yi ba tsaro, gurbinsa bai gaya maka komai game da hannunsa ba.

Sai ka tambayi kanka, gajiya nawa aikin na biyu yake ci masa? A nan ne ƙungiyoyi suke zuba kuɗinsu. Kamar ɗan kokawar da ke yini a gona da damina sannan ya shiga fili da yamma ne: idan yana kayarwa a haka, me zai yi ranar da aka ɗauke masa fartanya? Paul Skenes ya yi 2021 da 2022 a makarantar sojan sama ta Amurka yana jifa, yana bugu, yana kuma tsugune a bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, aikin da ya fi kowane cin gwiwa da cinya a wasan. Da ya koma jami'ar LSU ta Luwiziyana a 2023 ya ajiye sanda. Jifansa mai gudu ya tashi daga wajen kilomita 150 a awa zuwa wajen 158, ya kori masu bugu 209 a shekara ɗaya, wato ya fitar da su da jifan da suka kasa bugawa, Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi na ɗaya a duk zaɓen, ta ba shi dala miliyan 9.2, sama da sefa miliyar 5. To amma kar ka ɗauka kowa Skenes ne. Ni dai ina sa ran ƙari ne ga wanda aikinsa na biyu mai nauyi ne, kuma jikinsa bai gama cika ba. Wanda ya riga ya murje, abin da ka gani kusan shi ke nan.

Yawan makin da aka ci a kansa, ka bar shi a gefe. A zango 30, yini ɗaya mara kyau ya isa ya ɓata lissafin, sa'a kuma ta isa ta gyara shi. Ban da haka a jami'a da sandar ƙarfe ake bugu, ƙwararru kuwa da ta itace. Abu biyu za ka ɗauka daga alƙaluman: mutum nawa ya kora da jifa uku da suka kasa bugawa, mutum nawa kuma ya bari suka tafi tasha ta ɗaya kyauta saboda ya jefa huɗu a waje. Idan yana korar fiye da mutum ɗaya a kowane zango, ƙwallonsa yana da dafi. Idan kyautar da yake bayarwa ta kai rabin yawan zangonsa, saitinsa bai zauna ba, kuma saiti ya fi gudu wuyar koyo. Ka kuma duba a wace gasa ya yi su. Korar mutum a gasar SEC, inda LSU da Filorida suke, ba ɗaya ba ce da korar mutum a ƙaramar gasa.

Bidiyo kuwa, kar ka ɓarnatar da megarka kan wanda aka tsinto kyawawan jifa kawai aka jera da kiɗa. Nemi wanda aka ɗauka daga bayan majefi, zango guda cikakke, ka rage masa gudu. Ka sa ɗan yatsa a fuskar salula daidai inda hannunsa ke sakin ƙwallo, ka bar shi a nan, ka ga jifa biyar ko shida a jere. Idan hannun yana dawowa ƙarƙashin yatsanka kowane lokaci, ko wane irin jifa ne, yaron yana da tushe. Idan yana saukowa duk lokacin da zai yi mai lanƙwasa, ƙwararrun masu bugu za su karanta shi tun kafin ƙwallon ya yi rabin mita 18.44 da ke tsakaninsu. Ka dubi ƙafar gaba ma, ko wuri ɗaya take sauka, da kansa, ko yana fizgewa gefe.

A cikin bidiyon nan ka ƙirga irin jifan da yake da su. Mai rufe wasa biyu sun ishe shi, mai gudu da mai lanƙwasa. Mai buɗewa sai da na uku, galibi wanda ke fitowa kamar mai gudu amma ya iso a makare. Mai aiki biyu ba kasafai yake samun lokacin koyonsa ba, don lokacin da sauran majefa ke atisaye shi yana can yana bugu. Rashinsa ba laifi ba ne, amma shi zai raba tsakanin wanda zai riƙa buɗe wasa duk bayan kwana biyar da wanda zai ƙare a zango ɗaya-ɗaya.

Lafiyar hannu ita ce ba a gani daga Zinder, sai dai ka bi labarin ƙungiya bayan likitocinta sun duba shi. Ka bambanta gwiwar hannu da kafaɗa. Aikin dashen jijiyar gwiwar hannu, wanda likita Frank Jobe ya fara yi wa majefi Tommy John a 1974, yana cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma yawanci ana dawowa. An yi wa deGrom a 2010, an yi wa Schwellenbach jim kaɗan bayan zaɓensa, bai shiga babbar gasa ba sai 2024. Kafaɗa kuwa Allah Ya kiyaye. Brendan McKay na jami'ar Louisville sau uku a jere yana cin kyautar John Olerud ta gwanin aiki biyu, Tampa Bay Rays ta ɗauke shi na huɗu a 2017, ya shiga babbar gasa a 2019, aka yi masa aikin kafaɗa a 2020, bai sake jifa a can ba.

Wani ƙanena a fada kullum tambayarsa ita ce, "Yaya, in jifan ya ƙi, ba sai ya koma bugu ba?" Nakan ce masa kar ya sa wannan a lissafi. Mai bugun da ya yi shekara biyu ko uku bai fuskanci jifan ƙwararru ba, da wuya idonsa ya sake kamawa. Shohei Ohtani, ɗan Japan mai jifa da bugu a MLB, da kowa ke kawowa misali bai bi ta jami'a ba, kuma tun a Japan ƙungiyarsa ta bar shi yana yin duka biyun.

Yaron da aka ɗauka majefi kuwa, shekararsa ta farko a ƙananan gasa ƙungiya za ta taƙaita masa jifa, zango uku ko huɗu a cire shi, don haka kar ka yanke hukunci a kanta. A ta biyu ka buɗe alƙaluman watan Agusta ka gwada da na Afrilu: gudun jifansa a zango na biyar, da yawan kyautar da yake bayarwa, da sau nawa ya jefa jifan nan na uku.