Yadda ake ɗaukar hoton 'yan zamiya a gangaren roba da daddare

Gangaren zamiya na roba, wato wanda ake shimfiɗa wa tabarma mai tsinke-tsinke a madadin dusar ƙanƙara, da yamma yake cika, bayan an tashi daga aiki da makaranta. Birtaniya tana da irinsa da dama, kamar na Hillend da ke gefen Edinbara, akwai kuma wanda aka buɗe a 2019 a kan rufin masana'antar ƙona shara a Kofanhagen. Duk inda ka je matsalar ɗaya ce: fitilun filin sun ishi ido, amma ba su ishi kyamara ba. Mutum zai wuce ka fuu, ka duba hoton ka tarar da dishi-dishi.

Abin da nake fara faɗa wa duk wanda ya tambaye ni shi ne, da dare filashi ne ke tsayar da mai gudu, ba shatar kyamara ba, wato labulen da ke buɗewa ya shigar da haske ya rufe. Mu yi lissafi. Wanda ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa guda. Yawancin kyamarori ba sa daidaita da filashi sama da 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, kuma a 1/250 ɗin nan mutumin ya matsa santimita 4, wanda ya isa ya ɓata fuska da yatsu. Shi kuwa ƙaramin filashi, irin wanda ake maƙalawa a saman kyamara, idan ka rage masa ƙarfi zuwa 1/8 ko 1/16, walƙiyarsa kan gajarta ta koma kusan 1/5000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. A wannan ɗan lokacin milimita 2 kacal mutumin ya matsa. Sabon shiga yakan ƙure ƙarfin filashi saboda ya ga duhu, alhali a cikakken ƙarfi ne walƙiyar ta fi daɗewa. Rage ƙarfin, ka matso da filashin kusa.

Matsowar tana biya sosai. Idan ka raba tazarar da ke tsakanin filashi da mutum biyu, hasken da ke sauka a kansa ya ninka huɗu. Filashin da ke mita 3 daga wurin tsalle a ƙarfin 1/8 yana ba da hasken da sai ka kai shi 1/2 kafin ka samu daga mita 6. Don haka nake cire shi daga kan kyamara in ɗora a kan sanda mai ƙafa uku, in haɗa su da rimot na rediyo. Ka ɗaure wa sandar jaka mai nauyi, gangare ne kuma akwai iska.

Kafin ka kunna filashin ma, sa kyamara a M, wato saitin da kai ke zaɓar komai da kanka, shata a 1/200 ko 1/250, buɗewar lens a f/4 ko f/5.6, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, wajen 400, ka ɗauki gangaren ba kowa. So ake hoton ya fito da duhu-duhu, kamar mataki biyu ƙasa da abin da kyamarar ke nema. In ka bar fitilun filin suka yi ƙarfi a hoton, su ma za su zana mutumin tsawon lokacin da shata take buɗe, sai ka ga wata inuwa na bin gefen jikinsa kamar fatalwa. Bayan nan ka kunna filashi, ka sa wani ya tsaya daidai inda za a yi tsallen, ka yi ta gyara ƙarfi har rigarsa ta fito ba tare da farar tabarmar ta ƙone ba. Kada ka bar wa kyamara awon haske, farin shimfiɗar da baƙin sama suna ruɗa ta, kowane hoto ya fito da nasa kalar hasken.

Akwai saitin HSS da ke barin shata ta haura 1/250. Ni da dare ba na taɓa shi. Yana mayar da walƙiya ɗaya ta zama jerin ƙanana, ƙarfi ya zube, batir ya ƙare da wuri.

Inda za ka ajiye filashin kuma ba maganar kyan hoto kaɗai ba ce. Mutum yana sama, idonsa na neman inda zai dira, kai kuma ka haske masa fuska? A'a. Ka sa shi a gefe, ya ɗan karkata, sama da tsayin kafaɗa. Ka nemi izinin masu wurin tukuna, ka kuma gaya wa 'yan zamiyar inda hasken zai fito, kayanka duk su kasance a wajen layin da ake bi. In kana da filashi na biyu, kai shi bayan wurin tsalle yana kallon wajenka, amma ka ɓoye shi daga lens. Nan ne daɗin abin yake. Shimfiɗu irin su Dendix da Snowflex ana fesa musu ruwa don su yi santsi, to idan mutum ya yi kwana ko ya dira, ruwan kan fantsama, hasken baya kuma ya kama kowane ɗigo daban. Shi ke ba hoton gangaren roba rai, don tabarmar ita kanta, gaskiya, ba ta da wani kyau. Shi ya sa ma nake durƙusawa ƙasa in ɗauko mutum da sama a bayansa, shimfiɗar ta zama ɗan siriri a gindin hoton.

Fokas a duhu wahala ne. Saita shi tun da wuri a bakin wurin tsalle, ko ɗan gaba kaɗan inda mutum ke kai ƙololuwa, ka mayar da lens zuwa MF, wato fokas na hannu, ka bar shi.

Launi: tsofaffin fitilun sodiyam ruwan lemo suke bayarwa, filashi kuwa fari ne mai kama da hasken rana. Ko ka manna wa filashin ledar launi ruwan lemo su yi kusa da juna, ko ka bar bayan ya yi ja-ja, wani lokacin ma ya fi kyau haka. Ka ɗauka a RAW dai, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, gyara zai zo da sauƙi.

In kana son a ga gudu, sauke shata zuwa 1/30, ka zaɓi saitin da filashi ke tashi a ƙarshen buɗewar shata, ka bi mutumin da kyamara yayin da yake wucewa. Fitilu za su ja layi, shi kuma ya fito tsaf, jelar motsin tana bayansa. Da yawa za su lalace, haka abin yake.

Sanyi na cinye batir, ajiye na canji a aljihun ciki. Kuma ko da filashi a 1/8 yana iya bin harbi biyu ko uku a jere, kada ka dogara da shi. Ka kalli mutum ɗaya ya yi tsallen sau biyu ba ka ɗauka ba, ka gane inda yake kama allon zamiyarsa da hannu, a na uku ka danna sau ɗaya a daidai wurin.