Yadda Ake Alawar Tunkuza da Cakulan Don Baƙin Sallah

Kusan duk gidan da kika shiga ranar Sallah abu ɗaya za a turo miki: cincin, dubulan, kek, sai lemo. Ba laifi, amma yaran da suka zaga gida biyar, in sun kai na shida ko kallon farantin ba sa yi. Shi ya sa 'yan shekarun nan nake ƙara wata 'yar alawa a nawa farantin, curin tunkuza mai zaƙi da aka tsoma cikin narkakken cakulan. Ba a toya ta, ba a gasa ta, kuma ita ce ke fara ƙarewa.

Haɗin dai na Amurkawa ne. A 1928 wani mutum mai suna H. B. Reese, wanda ya taɓa aiki a gonar madarar kamfanin cakulan na Hershey a jihar Pensilbaniya, ya fara sayar da 'yan ƙoƙunan cakulan masu niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki, kuma har gobe ana sayar da su da sunan Reese's. A jihar Ohayo kuma matan gida suna mulmula gyaɗar su tsoma ta a cakulan, su bar ɗan da'ira a sama ba a rufe ba, musamman lokacin Kirsimeti. Suna kiranta buckeye, saboda ta yi kama da ƙwallon wata bishiya tasu mai wannan suna. Irin ta Ohayon za mu yi. Abin dariyar shi ne kayan duk na wajenmu ne. Gyaɗa ba sai an faɗa wa jikokin masu dalar gyaɗa a Kano ba. Koko kuwa, wanda ake yin cakulan da shi (ba na ƙosai ba), Kodebuwa da Gana kaɗai ke noma fiye da rabin na duniya, mu ma ga shi a Ondo da Kuros Riba.

Kafin mu yi nisa, abin da nake nufi da tunkuza shi ne gyaɗar da aka soya aka niƙa ta yi luƙui, da manta a jikinta. Na san a wasu garuruwan sai an matse mai ake kiran abin da ya rage tunkuza. Waccan ta bushe da yawa, ta ƙuli-ƙuli ce.

Kayan haɗi

Don samun kamar curi 30 za ki buƙaci ɓararriyar gyaɗa giram 300, wadda bayan suya da gyara za ta ba ki tunkuza kusan giram 250, wato kofi ɗaya. Sai bota giram 60, sukari mai laushin gari da ake kira aisin suga giram 200, gishiri ɗan ƙanƙani, madarar gari cokali 2 ko 3, da cakulan giram 300. Ki tanadi tsinken sakace, tire, da takardar gashi ko leda mai tsabta da za ki shimfiɗa a kansa. In babu aisin suga, ki zuba sukarin yau da kullum a busasshiyar blanda ki niƙa, ki tankaɗe da rariya mai laushi. Kada ki sa shi da tsakinsa, domin babu ruwan da zai narkar da shi, haka za a riƙa jinsa ƙaras-ƙaras a haƙori.

Gyaɗa tukuna

Ki baza gyaɗar a faifai ki tsince ta da idon basira. Duk wadda ta motse, ta yi baƙi, ta yi fumfuna ko ƙwaro ya huda, ki yar. Wannan ba iyayi ba ne. Gyaɗar da ta sha danshi tana iya ɗaukar gubar fumfuna da masana ke kira afulatoksin, mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ga shi ƙwaya ɗaya mai ɗaci kan ɓata ɗanɗanon kwano guda.

Ki soya a kasko da wankakken yashi irin na masu gyaɗar kwalba, a wuta matsakaiciya, kina juyawa ba tsayawa. Mai oben ta baza a tire ta gasa a zafin digiri 175 na Salsiyas, minti 15 zuwa 20, tana motsawa sau ɗaya ko biyu. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki murje: in ɓawon ya fita da sauƙi, cikin ya yi ruwan zuma, ta yi. Ki sauke tun kafin ta kai yadda kike so, don zafin jikinta zai ci gaba da soya ta. In ta sha iska ki murje ki bakace, ki kaɗe yashin tsaf da rariya.

Niƙa kuma a gida za ki yi, kuma ina da dalili. Shekarar da na fara wannan alawa na ga gyaɗar da yawa, sai na ba yaro ya kai injin markaɗe na unguwa. Ta dawo da laushi kamar man shafawa, har ina murna. Sai da na gama mulmula curi sittin na kai ɗaya baki, na ji attaruhu ya bugi maƙogwarona. Ashe kayan miya aka markaɗa kafin tawa, kuma mai injin ya ɗan ɗiga ruwa don ta wuce. Miyar taushe muka yi da ita kwana uku. In dai dole sai inji, ki nemi na masu ƙuli-ƙuli, waɗanda gyaɗa kawai suke niƙawa.

A blanda, ki zuba gyaɗar da sauran ɗuminta, don mai ya fi saurin fitowa. Da farko za ta zama gari, sannan ta dunƙule ta manne a gefe har ki ɗauka abin ya ƙi. Ki kashe, ki kankare gefen da cokali, ki bar injin ya huta minti ɗaya, ki sake kunnawa. Can sai ki ga ta saki jiki tana sheƙi. In ta yi taurin kai ki sa man gyaɗa ƙaramin cokali ɗaya. Ruwa kam ko ɗigo. Turmi ma yana yi in akwai ƙarfin hannu, sai dai ya zama ba na dakan yaji ba.

Kwaɓi da mulmulawa

Ki bar botar a waje ta yi laushi, ba narkewa ba. Ki haɗa ta da tunkuza da gishiri a kwano ki buga da muciya har su zama abu ɗaya. Gishirin nan kada ki raina shi, shi ke hana zaƙi ya gundure mutum a curi na biyu. In botarki mai gishiri ce, ki rage. Daga nan ki riƙa zuba sukari kashi-kashi kina juyawa, in ya yi ƙarfi ki sa hannu.

Tunkuzar gida ta fi ta kwalbar kanti mai, don haka awon da na ba ki jagora ne kawai, hannunki ne alƙali. Ki gutsuri kaɗan ki mulmula a tafin hannu. In ta tsaya ƙwallo ba ta manne miki ba, shi ke nan. In tana naso tana zama ƙasa, ki ƙara madarar gari cokali-cokali. Na fi son ta a kan ƙarin sukari, domin tana ɗaure kwaɓin ba tare da ya zama zaƙi zalla ba. In kuma tana tsagewa, ki ƙara tunkuza kaɗan.

Ki mulmula kowane curi bai kai girman ƙwallon goruba ba, kamar babban dabino, ki jera a tiren da kika yi wa shimfiɗa. Nan ne yara ke da amfani, in kin yarda da asarar kashi ɗaya cikin goma. Ki soka tsinke a kan kowanne ki sa a firiza minti 30, ko a firij awa ɗaya. Curin da bai yi sanyi ba zamewa yake daga tsinke ya nutse a cakulan.

Cakulan, inda aikin yake

Iri biyu za ki samu a shagunan kayan kek. Akwai na gaske, mai man koko, akwai kuma wanda masu kek ke kira kamfawun, wanda aka yi da hodar koko da wani man itace, galibi na ƙwarar manja. Na gaske ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma yana da tsirfa. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma yake narkewa a faranti a garin da zafi kan kai 40 a watan Afrilu. Bayan haka in kin narkar da shi kin bar shi ya daskare haka kawai, yakan fito dushi-dushi da farin zane a jiki. Shawarata ga mai farawa, musamman yanzu da Ƙaramar Sallah ke faɗowa wajajen watan Maris: ki sayi kamfawun. Narkarwa kawai yake so, ya daskare da sheƙinsa, ya kuma fi jure zafi. 'Yan'uwanmu masu Kirsimeti sun fi mu sa'a a nan, don nasu bikin tsakiyar hunturu yake zuwa. Ki zaɓi baƙi, mai ɗan ɗaci, tunda cikin ya riga ya yi zaƙi.

Ki yayyanka cakulan ƙanana. Ki ɗora tukunya da ruwa kaɗan, in ya fara motsi ki rage wuta sosai, ki ɗora kwanon silba ko na tangaran a bakinta yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba. Tururi ne zai yi aikin. Ki zuba cakulan ki riƙa juyawa a hankali, in saura 'yan gutsattsari ki sauke, zafin kwanon zai ƙarasa su.

Kwanon da cokalin su bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa, sukarin da ke cikin cakulan zai jiƙe ya kama juna, nan take abin da ke malala kamar zuma ya koma kamar tuwon jiya. Don haka kada ki rufe kwanon da murfi, gumin murfin zai ɗiga. In kin sauke ki goge gindin kwanon da tsumma. Kada ki juya da muciyar katako mai danshi. In ya yi kauri, man gyaɗa ko man kwakwa ƙaramin cokali ɗaya ne maganinsa, ba madara ba. In kuwa ƙaddara ta faɗa ya dunƙule, ba zai ƙara tsomuwa ba, amma kada ki zubar: ki zuba masa madara mai zafi ki dama, yara su sha da burodi.

Wadda ta nace sai na gaske, ga dabarar. Ki narkar da kashi biyu cikin uku har ya kai digiri 45, ki sauke, ki zuba sauran kashi ɗayan da kika yanka ƙanana, ki yi ta juyawa har ya sauko 31 zuwa 32 in baƙi ne, 29 zuwa 30 in mai madara ne. In babu ma'aunin zafi, ki ɗiga a leɓenki na ƙasa, ya kamata ki ji shi da ɗan sanyi-sanyi. Da asuba ake wannan aiki, kafin rana ta ɗaga.

In babu cakulan ɗin kwata-kwata, ki haɗa narkakken man kwakwa rabin kofi, hodar koko zalla rabin kofi, da aisin suga rubu'in kofi. Yana daɗi, amma man kwakwa na narkewa tun a digiri 24, don haka daga firij sai baki. Milo da Bournvita ba za su maye gurbin hodar ba, na shayi ne.

Tsomawa

Ki juye cakulan a ƙaramin kofi mai zurfi. Ki riƙa fito da curi biyar-biyar daga sanyi, sauran su jira. Ki kama tsinke ki tsoma, ki bar ɗan da'ira a sama, ki ɗaga ki ɗan karkaɗa ragowar ya ɗige, ki shafi gindin a bakin kofi, ki ajiye a tire. In ya fara kamawa ki murɗa tsinken ki zare, ki shafe hudar da ɗan yatsa. In cakulan ya yi kauri a kofi, ki mayar kan tururi na ɗan lokaci.

Mai gaggawa ta yi irin ta ƙoƙo. Ki jera ƙananan takardun kek, ki zuba cakulan ƙaramin cokali a gindin kowacce, ki bari ya kama, ki danna curin tunkuza ya baje, ki rufe da wani cakulan. Wannan ta fi sauƙin rabawa, don hannu ba ya taɓa ta.

Ajiya da fitarwa

Ki jera su a roba mai murfi, da takarda tsakanin hawa da hawa, ki sa a firij nesa da kifi da daddawa, don mai yana jan wari. Za su yi mako biyu lafiya, saboda haka kina iya gamawa tun kwana uku kafin Sallah, kafin hidimar kitso da lalle ta kankama. In an ɗauke wuta, ki bar firij a rufe, ko ki sa robar a cikin kula tare da ƙanƙarar da aka ƙulle a leda. In za ki fitar, ki bar robar a rufe minti 10 kafin ki buɗe, in ba haka ba raɓa za ta kwanta musu su yi dabbare-dabbare. Ki riƙa fitar da goma-goma gwargwadon baƙi.

Ki faɗa wa mutane da gyaɗa a ciki, tunda cakulan ya rufe ta. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, har takan kumbura musu fuska ta toshe numfashi, kuma wannan sai asibiti da gaggawa. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara huɗu kuma a gutsuttsura musu, kada a miƙa musu curi guda. Wanda za ki aika gidan surukai, ki bari sai bayan la'asar, ki sa a cikin kula, ki kuma ja wa ɗan aiken kunne kada ya tsaya kallon hawa a hanya.