Kada ka sayi tsohon mashin injinsa da ɗumi

A watan nan kaɗai samari uku suka turo min mashin har ƙofar gida a unguwar Mabera ta Sakkwato, kowa da irin kukansa, kuma dukansu sai da suka biya kuɗi sannan suka tuna da ni. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, sabon Boxer ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali, kowa ya koma neman na hannu. Sayen na hannu ba laifi ba ne. Abin da ke ƙona min rai shi ne ramin da na faɗa shekaru da yawa baya, shi ne dai yaran nan ke faɗawa ɗaya bayan ɗaya.

Mashin ɗina na farko Jincheng ne. Dillali ya ce in zo bayan la'asar. Na tarar an wanke shi tas an jingine a inuwa, ina taka kik sau ɗaya ya kama, ƙararsa lafiya lau. Nan take na ƙirga kuɗi. Washegari da asuba, cikin sanyin hunturu, na yi ta taka kik har rigata ta jiƙe da gumi. Da ya tashi kuwa, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe zaure. Na kai shi wurin wani dattijon bakanike, ya kwance noti ta ƙasa, baƙin mai ya riƙa fitowa a hankali kamar zuma. Ya shafa a yatsa ya ce, "Ɗana, wanga ba man mashin ba na. Mai kauri sunka ɗura mashi don ya rufe ƙara." Aka sauke inji, ringi ya cinye, fistin ya tafi, silinda sai da aka kai aka gyara. Kuɗin da na tara don auren ƙanwata a can ya ƙare, kuma har na rabu da mashin ɗin bai daina shan mai ba.

Injin da ya gaji, idan ya ɗau zafi ƙarafansa kan buɗe su cike gurbi, sai ya tashi da sauƙi ya yi shiru. Masu sayarwa sun san haka sarai. Shi ya sa ni yanzu da sassafe nake zuwa, ban faɗi lokaci ba, kuma kafin in gama gaisuwa na ɗora bayan hannuna a kan inji. In na ji ɗumi, sai gobe. Ko mai shi ya rantse ya ce yaro ya aika sayen koko, sai gobe. In da sanyi ne, ni zan taka kik da ƙafata don in ji ko yana turjewa. Wanda ya wuce salalaf ba nauyi, ƙarfinsa ya tafi. Ina tara farin ƙyalle a bakin salansa a ba shi wuta. Shuɗin hayaƙi da ɗigon maiƙo na nufin yana ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi galibi kabureta ce, wannan da sauƙi. Tsofaffin nan masu shan mai a gauraye, irin Suzuki A100, su dama da hayaƙinsu aka yi su, kada ka yi musu wannan hukunci. Sannan in zaro ma'aunin mai in murza a yatsa cikin rana. In na ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, na gama magana.

Kuma sanyi rabin gwaji ne. Garin nan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, waɗannan injuna kuwa iska ce kawai ke sanyaya su. Zagaya layi ɗaya ba ya nuna komai. Ɗauko mutum a baya ka miƙe hanyar Kwannawa ka dawo. In ka murɗa wuta inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kulochi na zamewa. In giya na fita da kanta, cikin inji ne, kuɗi ne mai yawa.

Rami na biyu, na takardu, ya fi wannan muni, don shi ba aljihu kaɗai yake ci ba. Wai mutum da hankalinsa ya sayi mashin a ce masa "takardu sun ɓace lokacin ƙaura" ya ce ba komai! Haba samari! A wannan zamani da ake satar mashin a ƙofar masallaci, jami'an tsaro kuma na tare hanya suna duba lamba saboda halin da gabashin jiha ke ciki? Ɗan yayata ya sayi Boxer da araha a hannun abokin abokinsa. Bai yi wata biyu ba mai shi na asali ya gane shi a bakin Tsohuwar Kasuwa, ta shaidar walda da ya taɓa yi wa kariyar ɗora kaya. Yaron ya kwana biyu a tsare, muka yi ta safa da marwa, mashin ya tafi, kuɗi sun tafi, wanda ya sayar ya kashe waya. Da na je ganinsa abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kawu, wallahi ban sani ba." Na san bai sani ba, amma bai duba ba.

Lamba biyu ce: ta inji, a jikin inji ta ƙasa, da ta bodi, a wuyan mashin ƙarƙashin kai. Durƙusa ka goge su da tsumma da ɗan fetur, ka karanta harafi bayan harafi ka gwada da rasit. In wurin ya yi santsi kamar an goga, ko an shafa sabon fenti a nan kaɗai, ko wani harafi ya karkace, tashi ka tafi. Ni ba na biya sai a ƙofar gidan mai shi, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, in ɗauki hoton katin shaidarsa. Wasu na cewa na cika tsanani. Su suka sani.

Sauran ƙanana ne. Sabuwar rigar kujera da sitika ba su ƙara wa mashin komai. Kada ka yarda da mita, yawanci ta daɗe da mutuwa. Matakin ƙafa da ya lashe da kujerar da ta lotsa sun fi ta faɗin gaskiya, su ne ke tona wanda ya sha kabu-kabu. Haƙoran siraket in sun yi tsini, sa kuɗinsa da na sarƙa a cikin ciniki. Leƙa tanki da tocila saboda tsatsa. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma ranar Sakkwato na tsattsaga roba ko da zanen bai cinye ba. Tsaya ta baya wani ya tuƙa ka ga ko tayar gaba da ta baya na bin layi ɗaya. In ba sa bi, ya taɓa faɗuwa mai tsanani.

Bakanike kuma ka zo da naka, ka biya shi kuɗin yininsa tun kafin ku fita, a saya ko kada a saya. Wanda dillali ya kira maka, da shi za a raba la'ada.