Darasi na 9: Takardun kuɗi da na haraji idan maigida zai ɗauke ki zuwa waje

Salamu alaikum iyayena da ƙannena na ajin yamma. Darasin yau ku kuka jawo shi. Satin da ya wuce bayan an tashi, wata daga cikinku da ke zuwa daga wajen Jega ta miƙo min waya tace Malama karanta min saƙon nan, maigida ne ya turo daga Amurka, ni ban ga komai ba sai lambobi. Na duba, ashe cewa yake an tsayar da takardunta saboda kuɗin da ya nuna a haraji bai kai ba. Ta dube ni tace to Malama, mutumin da ke turo muna kuɗi duk wata, ya gina ma tsohuwarsa ɗaki uku har da tayil, shi za a ce bai da kuɗi? Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai, shi yasa nace sai mun zauna a kanta mu duka.

Toh ku saurara. A wajen mutanen can, kuɗin da hukuma ba ta gani a takarda ba, babu shi. Mu nan idan za a ba mutum mata sai a je a tambayi maƙwabta, a ga rumbunsa, a ga shanu nawa ke turke, liman yace ai mun san gidansu. Can ba mai tambayar liman. Abin da mutum ya faɗa ma hukumar haraji da hannunsa, shi za a ɗauko a auna shi da shi.

Mu fara da Amurka tunda ita ta kawo maganar. Miji zai fara cika fom mai suna I-130, wanda ke cewa wannan matata ce. Daga baya sai babban, wato I-864, ku rubuta shi a littafinku da manyan baƙi. Wannan fom ɗin alkawari ne tsakaninsa da gwamnati cewa shi zai riƙe ki, ba za ki zama nauyi a kan asusun jama'a ba. Kuma ba alkawarin fatar baki bane, ana iya kai mutum kotu a kansa. Abin da yawancin mata ba su sani ba, kuma ni shi nafi so ku sani, ko da Allah ya kawo rabuwa aka yi saki, alkawarin nan bai faɗi ba. Yana nan a wuyansa har sai kin zama 'yar ƙasa, ko an lissafa maki aikin kusan shekara 10, ko kin bar ƙasar gaba ɗaya, ko ɗayanku ya rasu. Haƙƙinki ne, ki san da shi tun kina nan Kebbi.

Yanzu ku ɗauko biro mu yi lissafi. Duk shekara gwamnatin Amurka na fitar da adadin da ta ɗauka a matsayin iyakar talauci, sai ace mai ɗauko mata ya zama samunsa ya kai wannan adadin da ƙarin kashi 25 cikin 100. A shekarar 2025, a yawancin jihohinsu, gida mai mutum biyu iyakar dala 21,150 ce, da aka yi ƙarin sai ta koma dala 26,437 a shekara. Mutum biyu fa, shi da ke kenan. Idan akwai ɗa guda ya koma 33,312, in yara biyu ne 40,187. Kuma wajen ƙirgen nan mutane ke faɗawa rami, domin duk wanda ya rubuta a takardar harajinsa cewa shi ke ciyar da shi sai an ƙirga shi, haka duk mutumin da shi mijin ya taɓa tsaya ma a baya in alkawarin bai ƙare ba.

To mi zai nuna? Takardar harajin shekarar da ta gabata ita ce dole, in yana so ya ƙara ta shekaru biyu kafin ta don ƙarfafa hujja. Hukumar harajinsu sunanta IRS, kuma tana ba mutum taƙaitaccen bayanin harajinsa kyauta ta intanet, wannan shi suka fi so saboda daga hannun hukumar ya fito. Mai aikin albashi yana da wata takarda W-2 da wurin aikinsa ke ba shi, sai ya haɗa da takardun albashin watannin baya-bayan nan da wasiƙa daga wurin aikin. Mai aikin kansa, kamar masu tuƙa mota da Uber, galibi takardar 1099 ke zo masa.

Nan ne mijin 'yar uwarmu ta Jega ya makale, kuma bari in ɗan daɗe a nan. Direba ne, yana samu sosai, amma lokacin cika haraji, wanda a can ake rufewa 15 ga Afrilu, sai mai cika masa yace mu cire kuɗin mai, mu cire gyaran mota, mu cire taya, mu cire waya, aka yi ta cirewa har abin da ya rage a takarda ya zama ɗan kaɗan, shi kuma yana murna ya biya haraji kaɗan, bai san wannan ɗan kaɗan ɗin shi za a duba ranar da yace zai ɗauko iyalinsa ba. Cire kuɗin da ka kashe da gaske ba laifi bane, doka ta yarda. Amma ba a duba abin da ya shigo hannu, abin da ya rage bayan cirewar ake dubawa. Wanda kuma ke aikin a biya shi a hannu bai taɓa cika haraji ba alhali ya kamata ya cika, sai ya koma ya cika na baya tukuna. Don haka ke da ke nan, in ya kira ki da dare kuna hira, ba rashin kunya bane ki ce maigida, ka cika harajin bana kuwa, nawa aka rubuta? Ki tambaya da ladabi amma ki tambaya.

In kuɗin bai kai ba akwai mafita guda biyu. Ta farko a cike giɓin da dukiya. Misali samunsa dala 22,000 ne, a lissafin 2025 ana neman 26,437, saura 4,437. In shi ɗan ƙasa ne kuma matarsa yake ɗaukowa, sai ya nuna ajiya ninki uku na giɓin, 13,311 kenan, in kuwa katin zama na dindindin, wato green card, kawai gare shi ninki biyar ne. Kuma sai dukiyar da za a iya maida ta kuɗi cikin shekara guda. Na san wata za ta ce ai muna da fadama a Argungu da ke ba da buhun shinkafa kaza, toh fadamar gado da ba takardar mallaka, ba a raba ba, ba wanda ya ƙiyasta kuɗinta a rubuce, da wuya ta yi maki aiki. Zubin adashi ma haka. Mafita ta biyu a samu wani ya tsaya tare da shi, ɗan ƙasa ko mai katin zama, wanda ya kai shekara 18 kuma yana zaune a can, shi ma ya cika nasa I-864 da nasa takardun haraji, kuma nauyin ya hau kansa kamar yadda ya hau kan mijin. Duk wanda ya yi maku wannan ku riƙe shi da daraja.

Masu miji a Ingila kuma naku ya ɗan bambanta. Tun 2012 ana neman fam 18,600 a shekara, sai ranar 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Mai albashi zai kawo takardun albashin wata shida, da sitatimen ɗin banki na watannin nan shida da ke nuna kuɗin ya shiga daidai da abin da aka rubuta, da wasiƙar wurin aiki. In da ajiya kaɗai za a dogara, fam 88,500 ne kuma sai ya kwana wata shida a asusu. A ƙa'idarsu ba a kawo wani ɗan uwa ya haɗa albashinsa da na mijin irin na Amurka.

Wannan wata shidan saboda masu aron kuɗi aka sa shi. Akwai ejan-ejan da za su ce ki kawo kaza mu zuba maki miliyoyi a asusu na kwana uku a buga sitatimen a kwashe. Don Allah don Annabi kada ku yarda. Asusun da kullum dubu biyar dubu goma ke shiga, rana ɗaya ya kumbura, ko ni da nake koyar da baƙi zan gane balle wanda aikinsa kenan. Takardar ƙarya tana iya rufe ma mutum ƙofar Amurka har abada, Ingila kuma har shekara 10, ejan ɗin ya ci kuɗinsa ya kashe waya.

Naki aikin a nan gida shi ne suna. Ki ɗauko fasfo, da katin NIN, da takardar aure, da ta haihuwa, ki jera su a kan tabarma ki bi harafi harafi. In nan an rubuta Hauwa'u can Hauwa, ko ranar haihuwa ta saɓa, a gyara tun kafin a kira ki ganawar bizar Amurka a Legas, kada ki sha wannan doguwar tafiyar a dawo da ke saboda harafi ɗaya.

Aikin gida: miji ɗan ƙasa ne, samunsa dala 30,000, suna da ɗa guda. A lissafin Amurka na 2025, nawa ne giɓin, kuma ajiyar nawa zai nuna? Ku yi shi a littafi da hannunku, banda sa yara su yi maku, ranar Talata zan bi layi in duba ɗaya bayan ɗaya.